Ku Tambaya Mu Amsa: Wai injin yashi ne ya kori kifi a ruwan Legas?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan mako. Ban sani ba ko haɗa baki kuka yi, amma saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan yashi da kifi ne, sai na tsamo huɗu da nake ganin sun ɗauke sauran. Masu tambayar kuɗin haya da rikicin 'yan agbero ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni mutumin Yauri ne, gidanmu Sarkawa ne, babana su yake yi har Allah ya ɗauki ransa. Shekarata 14 a Legas ina sayar da kifi a wajen Mile 12, banda daga arewa ake kawo min amma ɗanye ina saro shi daga Epe da Ikorodu. Yanzu kullum in na je sai masuntan su ce babu kifi, injin yashi ya kore shi, kuɗi kuma sai hawa yake. Abin da ban gane ba, ai kifi ba ya cin yashi, kuma mu a gida mun san babban kifi a gurbi mai zurfi yake kwana, to in an haƙa ruwa ya ƙara zurfi ba gaba ta kai mu ba? Ko dai wayon ƙara mana kuɗi ne kawai?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Masuntan nan ba ƙarya suke maka ba, ko da yake ba zan rantse cewa babu mai fakewa da guzuma ya harbi karsana a cikinsu ba, kasuwa ce. Amma maganar tana da tushe.

Gaskiyarka kifi ba ya cin yashi. To amma ka taɓa tsayawa ka duba yashin da tifa ta juye a ƙofar gidan da ake gini a garin nan? Ka ɗebi hannu ɗaya ka baza, za ka ga farfasassun ɓawon katantanwa farare-farare a ciki, wani ma bai fashe ba. Wannan ɓawon da rai a cikinsa kafin a zuƙo shi. Saman ƙasan ruwa, kamar taƙi ɗaya ko biyu, nan ne rumbun kifi, tsutsotsi ne da 'yan katantanwa da ƙananan ƙaguwa da 'ya'yan jatan lande da 'ya'yan ƙwari iri-iri, kuma su ne abincin ƙurungu da wannan kifin da Yarbawa ke kira obokun wanda kai ka fi ni sanin tsadarsa. Injin nan da ake cewa direja ba ya tsince, dogon fayif ne ake zurawa har ƙasa, wani ma da kai mai haƙora a bakinsa yana juyawa yana sassaƙar ƙasa, famfo kuma yana zuƙowa yana turawa tudu, duk abin da ya tarar ya tafi da shi, har ƙwai har 'yan mitsi-mitsin kifin da ba su iya gudu ba. Babban kifi shi in ya ji rugugin inji ya yi gaba abinsa. Rumbun ne ba ya iya gudu.

Sai maganar gida. Kai ɗan Sarkawa ne na san ka taɓa ganin gidan karfasa a bakin ruwa inda bai wuce gwiwa ba, wani ɗan rami zagayayye kamar an danna ƙwarya a cikin yashi, tsaf-tsaf an share shi. Namijin ne ke haƙawa da bakinsa, nan ake zuba ƙwai, a wasu irin uwa ko uba ya kwashe ƙwan a baki ya yi ta yawo da shi har ya ƙyanƙyashe. Bargi kuma cikin ciyawa yake share fili ya yi sheƙa zagayayya mai faɗin kusan mita 1. Yauni, wanda a Epe za ka ji ana cewa eja osan, sheƙarsa ta ciyawa ce tana yawo a saman ruwa. Obokun rami yake nema ko kogon itace ya shiga ya zuba ƙwai, shi ya sa ma masunta a ruwayen nan suke jefa gora mai rami a ƙasa su kama shi a ciki. Ka lura duk waɗannan ba mai haihuwa a zurfi, kowa bakin ruwa yake zuwa, wuri mai ɗumi mai ciyawa inda rana ke kaiwa ƙasa. Ita kanta giwan ruwan da ake tutiya da ita a Argungu, a cikin ciyawar gaɓa ta yi ƙuruciyarta kafin ta koma gurbi. Kaga kenan in aka mayar da bakin ruwa rami, an rushe ɗakin haihuwa an faɗaɗa ɗakin dattawa, bayan 'yan shekaru wa zai shiga ɗakin dattawan?

Kuma gurbin da ka sani a kogin Kwara daban yake da ramin inji, wannan shi ne inda tambayarka ta fi ƙarfi don haka bari in ɗan tsaya. Gurbi ruwa ne ya haƙa shi da kansa, kuma ruwan na wucewa ta cikinsa dare da rana yana wanke shi yana kawo iska, ga saiwoyi ga kututture ga gefe mai gangara a hankali har zuwa tudu. Ramin inji kuwa kamar rijiya ne a tsakiyar faranti. Ruwan Legas mafi yawansa ba zurfi gare shi ba, kuma ba gudu yake ba, to in ka fafe wani wuri ya yi zurfi sosai ruwan da ke can ƙasa ba ya juyawa, sai laka da ganye da duk ƙazantar gari su gangara su taru a ciki su ruɓe, ruɓewar nan kuma tana cinye iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Masunta za su gaya maka in raga ta taɓo ƙasan irin wannan rami baƙin taɓo take fitowa da shi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ba kifin da zai kwana a nan.

Ga kuma gishiri. Ruwan Legas haɗe yake da teku ta bakin da jiragen ruwa ke shigowa Apapa, da rani ruwan gishiri yana turowa ciki, da damina kuma kogin Ogun da sauran su kawo ruwan daɗi su tura shi baya. Wajen Epe inda kogin Osun ke zubowa ruwan daɗi ya fi yawa, shi ya sa kake samun yauni da bargi a can. Ruwan gishiri ya fi na daɗi nauyi, ta ƙasa yake rarrafe, duk inda aka zurfafa hanya an buɗe masa ƙofa ya ƙara shigewa ciki, ya kuma kwanta a ramuka ya ƙi fita. Kifin ruwan daɗi sai ya ja da baya.

Na san za ka ce to ai ruwa ya gurɓace ba sabon abu ba ne, Kwara ma da damina ja wur take zama kuma lokacin ne kifi ke haihuwa. Haka ne. Amma na damina yana da lokacinsa, ya zo ya wuce, kuma yana zuwa ne da ambaliya da ke buɗe wa kifi fadama ya shiga. Na inji ba shi da wata, yau da gobe ne. Na taɓa tsayawa kusa da inda ake tara yashi a gefen Ikorodu, ruwan da ke tsiyayowa daga tulin yana komawa kogi kamar kunun kanwa, na cika gorar ruwa da shi na ajiye a mota, kafin in kai gida laka ta kwanta a gindin gorar kauri guda. To wannan lakar ita ke kwanciya a kan ƙwan kifi ta toshe shi ya mutu, ita ke liƙe wa ƙananan kifi jan abin nan na ƙarƙashin kumatu da suke numfashi da shi, ita ke tare hasken rana ciyawar ƙasan ruwa ta mutu. Masu farauta da ido irin su tsage da giwan ruwa kuwa sun zama makafi da rana tsaka.

Shi ya sa in ka lura ba wai kifi ke ƙarewa ƙaf a rana ɗaya ba, kala-kalarsa ce ke raguwa. Tarwaɗa tana da abin shaƙar iska daga sama, ko a kwata ka jefa ta za ta rayu, karfasa ma akwai taurin rai. Su za su saura. Masu laushin rai su tafi. Sai tiren mai kifi da a da za ka ga iri bakwai ko takwas ya koma iri biyu, su ma ƙanana. Ka tuna abin da kake sarowa shekarun farko da ka zo ka gwada da na yanzu, kai ne za ka ba ni labari.

Amma kar mu ɗora wa inji komai. Akwai masu su da raga mai ido kamar gidan sauro suna kwashe har jarirai, akwai masu zuba maganin ƙwari a ruwa, Allah ya shirye su, ga leda ga dattin kamfanoni ga garin katako da aka daɗe ana zubawa ta wajen Okobaba, ga ciyawar nan mai kama da kainuwa da ta shigo ruwan Legas tun shekarun 1980 tana rufe ruwa ruf. Sannan yashin da aka zuƙo ma da yawansa fadama ake cikewa da shi a yi gidaje, wato an cuci kifi sau biyu, inda aka ɗebo da inda aka zuba.

TAMBAYA: Oga ni direban tifa ne a Ajah, ɗan Funtuwa. Kullum sai mu ji ana zagin masu yashi kamar mu ne muka kashe zomo. Da wannan yashin nake ciyar da yara 6 da uwarsu da tsohuwata a gida. Duk mai zagin nan a gidan bulo yake kwana ko a kan bishiya? In an hana yashi da me za a yi gini, mu kuma mu ci me?

AMSA: Ranka ya daɗe direba, a sassauta, ba da kai ake ba. Ni ma a gidan bulo nake kwana kuma kullum sai na bi gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda ba da tuwo aka gina ta ba. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce duniya na cin yashi da tsakuwa kusan tan biliyan 50 a shekara, bayan ruwa ba abin da ɗan Adam ke ɗiba kamarsa. Legas kuwa nata cin yashin ba kaɗan ba ne don gari ne da ake ƙwato ƙasa daga hannun ruwa, Banana Island da Eko Atlantic duk yashi aka zuba aka tsaya a kai. Wani zai ce ga yashi can jibge a Yusufari ba mai so, to yashin hamada iska ta goge shi ya yi sumul ya yi laushi, ba ya kama siminti yadda na ruwa mai kaifi ke kamawa, balle kuɗin ɗauko shi. Don haka ba mai hankalin da zai ce a daina gaba ɗaya.

Rigimar a kan ina ne, yaushe, kuma nawa. Tun da can akwai masu nutso da bokiti, ka gansu ai, mutum ya kafa sanda ko tsani a gefen kwale-kwale ya ja numfashi ya nutse ya ciko bokiti ya fito, haka har jirgi ya cika ya kusa nutsewa, aikin da ni ko kallonsa gajiyar da ni yake. Abin da waɗannan za su ɗiba a kwanaki inji ɗaya ya zuƙe shi kafin azahar. Kogi yana kawo sabon yashi, amma da mudu yake kawowa, mu kuma da buhu muke ɗiba. In abin ya yi yawa gaɓa ta fara zaftarewa tana bin ramin, gonaki da gidajen bakin ruwa su tafi, ƙafafun gada ma su fara tonuwa, wannan kuma kai da tifarka ya fi shafa.

Abin da ya kamata ba boyayye ba ne. A nisanci bakin gaɓa da wuraren ciyawa da gadoji, a ɗaga wa ruwa ƙafa farkon damina lokacin da yawancin kifi ke zuba ƙwai, a bar wasu wurare da ba a taɓawa sam don daga nan ne rai ke sake yaɗuwa zuwa inda aka fafe, ruwan da ke tsiyaya daga tuli a tare shi a rami laka ta kwanta kafin ya koma. Doka ma akwai, tun 1992 Najeriya ke da dokar da ta ce a auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara. Hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja ita ke kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, an daɗe ana jan igiya tsakaninta da gwamnatin Legas kan wa ke da iko, har Kotun Ƙoli ta yanke a Janairun 2024 ta ba tarayya gaskiya. Ni dai a ganina shekarun da aka ɓata ana faɗan wa zai karɓi kuɗin lasisi, da an yi rabinsu ana faɗan wa zai auna zurfin ramuka da ba haka ba.

Kuma ka tuna da na kwale-kwale. Masuntan Makoko da na ƙauyukan Badagry suna kafa rassan itace a ruwa marar zurfi kifi ya taru a ciki ya yi ƙiba su zo su kewaye da raga, in wurin ya zama rami a ina za a kafa reshe? Mai tuƙi da sanda ya saba tana taɓa ƙasa, rana ɗaya ya soka ya ji wayam. Shi ma yara 6 gare shi.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ina sayar da abinci a Idi-Araba. Wani lokaci tarwaɗa sai ta riƙa warin laka ko na wanke da lemon tsami da toka, kwastoma na ƙorafi. Wata ta ce min yashin da ake haƙa ne. Akwai illa a ci?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya ba da kasuwa. Wannan warin galibi ba daga yashi yake ba, wata irin gansakuka ce a ruwa ke fitar da shi ya shiga tsokar kifi, kuma yawancin tarwaɗar da ke kasuwannin Legas ma ta kiwo ce ba ta kogi ba, in mai kiwon ba ya canja ruwa haka za ta yi. Ki saye ta da rai ki bar ta a baho da ruwa mai tsafta kwana ɗaya ko biyu kina canjawa, zai ragu sosai. Warin ba ya cutarwa.

Wanda ya fi ban tsoro ba shi da wari. Dattin masana'antu irin su dalma yana kwanciya ne a cikin lakar ƙasan ruwa, in inji ya tono ya dama sai ya tashi ya shiga jikin ƙananan halittu, kifi ya ci, kuma wuta ba ta kashe shi komai daɗewar tukunya. Ya fi taruwa a kayan ciki da jikin tsohon kifi. Ki riƙa zubar da kayan cikin duka, ki san daga ina mai kawo miki yake kawowa, kuma kifin da aka tsinta ya mutu yana yawo a saman ruwa ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa.

TAMBAYA: Malam ka ɗaure min kai. Ni ɗan Hadeja ne ina zaune Agege. Mu a gida roƙon gwamnati muke ta zo ta yashe kogi saboda ciyawar kachala ta toshe ko'ina, masunta da manoma duk sun tagayyara. Ku kuma a nan kuna cewa yashe ruwa na kashe kifi. Wanne za mu kama?

AMSA: Duka biyun, ɗan'uwa, don sunan ne ɗaya aikin ba ɗaya ba. A nan yashin ake so, ruwan ko oho. A can ruwan ake so ya samu hanya. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 tafiyar kogin Hadeja ta canja, babbar ambaliyar da ke wanke hanyoyi ta ragu, ruwa kuma ya koma yana tsiyaya har da rani, abin da kachala ke so kenan, ta kafu ta tare laka ta toshe rafuka, wani wuri ruwa ya kwanta ya ƙi tafiya wani wuri ya ƙi zuwa sam. Buɗe irin wannan hanya taimakon kifi ne, don kifin fadamar Hadeja da Nguru da ambaliya yake rayuwa, ruwa ya hau ya bi shi cikin ciyawa ya zuba ƙwai, 'ya'ya su yi wayo, ruwa ya janye su dawo kogi. Gaiwa ma ta shige laka ta naɗe kanta ta jira wata daminar.

Sai dai a nan ma akwai inda ake yin ɓarna da kyakkyawar niyya. In aka zurfafa kogi fiye da kima aka miƙar da shi kamar kwalbati, ruwa zai wuce fuu ba zai ƙara hawa fadama ba, an yi maganin toshewa an kashe wurin haihuwa. Kuma yashe kogi ba aikin yi ɗaya a gama ba ne. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin Neja, wato Kwara, daga Baro zuwa Warri, kilomita 572, don manyan jirage su samu hanya, amma kogi ba ya daina kawo yashi, duk damina sai ya mayar da wani, dole a riƙa komawa, kuma duk komawa ƙasan ruwan da ya fara farfaɗowa an sake mayar da shi farko.

In ka kira gida ka ce da su ranar da masu aikin suka zo kar a tsaya tafi da guɗa kawai, a tura sarkin ruwa da dattawan masunta su zauna da injiniya, su nuna masa gurabun da ba a taɓawa da watannin da kifi ke hawa. Kuma su tambaye shi ƙasar da za a kwaso ina za a zuba ta, don na sha ganin an jibge ta a bakin gaɓa ta zama ganuwa, ta rufe bakin 'yan rafukan nan da ba su fi a tsallaka da ƙafa ba, alhali ta nan ne tarwaɗa ke bi ta shiga fadama daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi.